Ƙasa da Sakan Biyar

Litinin, bayan tashi daga aiki

Malama ta ce kowa ya nemi littafi ya riƙa rubuta abin da ya koya da kalmominsa, wai haka karatu yake zama a ka. To, ga littafi. Ni dai ba gwanin rubutu ba ne, balle magana. A gidanmu magana ta Rediyo ce. Sunan da na sa wa matata ke nan tun muna sabon aure, don daga buɗe idonta har rufewa ba ta ɗauke wuta. Ita kuma Mai Wake take ce min, saboda shekara da shekaru ina tsaye gaban injin tsince wake da shinkafa a kamfanin da ke ɗura hatsi a leda, in koma gida da ƙura har a gira.

Sabon inji za a kawo mai aiki da kwamfuta, shi ya sa kamfani ya tura wasunmu koyon rubuta wa kwamfuta umarni, aka ba kowa aron laftof. Ni kaɗai ne mai furfura a ajin.

Darasin yau jeri ne, wato abubuwa a layi ɗaya bayan ɗaya. Aiki biyu aka nuna mana. Na farko tacewa: ka ba kwamfuta sharaɗi, ta bi jerin tana gwada kowane abu da shi, ta fito maka da sabon jeri. Na biyu sauyawa: ka ba ta aiki ɗaya ta yi wa kowa a layin, kamar a ce ninka kowace lamba. Malama ta ƙwanƙwasa allo ta ce, "Tacewa ba ta taɓa jerin asali. Na asali yana nan lafiyarsa ƙalau, sabo take ba ku."

Tana fara bayanin yadda ake rubuta sharaɗin sai wayata ta yi ƙara. Daga asibiti ne. Na fita baranda. Sakamakon gwajin maƙogwaron Rediyo ya fito, wai mu zo gobe, mu biyu. Da na koma aji an goge allo. Ban tambayi kowa abin da ya wuce ni ba. Tacewa ai sana'ata ce, me sa'ar 'yata za ta koya min a kai?

Talata, da azahar

Mun je.

Talata, da yamma

Likita ya faɗi sunan abin. Ba zan rubuta shi a nan ba. Ya ɗauki takarda ya zana wuya, ya yi da'ira a tsakiya, ya ce wannan wurin za a cire gaba ɗaya. Na tambaya ko za ta tashi. Ya ce yana kyautata zato in an yi da wuri. Ita ce ta yi tambayar da na kasa yi. Ya ajiye biro ya ce a'a, muryar ba za ta dawo ba, don inda take fitowa yana cikin da'irar. Akwai dabarun da za a koya mata daga baya, amma wannan muryar da muka sani, ranar aiki ce ƙarshenta. Sun sa rana, nan da mako uku. Kafin nan ta rage magana, don wurin yana fitar da jini.

Rediyo ta dube ni, ta dubi likita. Da disasshiyar muryar nan da muka yi wata da watanni muna ce wa mura, ta ce, "Likita, ka ga mutumin nan? Tun da ya aure ni yake laluben makunnin da zai kashe ni. Yau ka nemo masa."

Likita ya yi dariya. Ni ma na buɗe haƙora. A mota ta riƙe hannun rigata har muka sauka. Ban taɓa jin tsoro irin na yau ba.

Laraba, da safe

Gidan tsit. Ashe firij ɗinmu yana da ƙara.

Alhamis, hutun rana, a wurin aiki

Wayata ta ƙi karɓar takardar da asibiti ya turo, wai ta cika. Na duba abin da ya cika ta, sai na tarar saƙonnin murya ne, nata, na shekaru. Rediyo ba ta rubuta saƙo, wai yatsa ba ya saurin baki. Da yayarta da 'yarmu kira take yi. Ni ne ba na ɗaukar waya a bakin inji, shi ya sa ni kaɗai nake da wannan tarin. Ni kuwa ban taɓa aika na murya ba, "To" nake rubutawa. Dogayen ma da yawa ban buɗe su ba. In na ga minti shida sai in ce ai in na koma gida za ta maimaita, kuma tana maimaitawa.

Na zauna kan buhu, na toshe kunne ɗaya da yatsa, na buɗe guda. Rigimar maƙwabta ce a kan igiyar shanya, tana kwaikwayon muryar kowa har da ta yaron da ya kai ƙara. Muryar garau, kafin abin. Akwai wanda marigayiya mahaifiyarta ke dariya a bayanta. Akwai kuma waƙar da ta riƙa yi wa 'yarmu tana jaririya, wadda ita ta ƙirƙiri abarta, ba wanda ya iya sai ita. Ranar da 'yarmu ta kira daga garin da take aure ta ce ta sami juna biyu, Rediyo ta rera waƙar a waya ta turo min. Wai in ɓoye, kar in tura sai an haihu, don ita Rediyo wayarta ƙarama ce, kowane mako sai ta share komai.

Ba zan iya hana wuƙar likita ba. Amma wannan zan iya. Zan tattara muryar in adana ta inda ba abin da zai same ta.

Asabar, bayan darasi

Na tsayar da Malama na ce ina da wasu sautuka da nake son tsarawa. Ban ce na waye ba. Ta taimake ni muka kwashe su daga waya zuwa laftof, kwasa ta gaske, ba a bar ko ɗaya a wayar ba, don ta sami sarari. Ta rubuta min 'yan layuka da suka mai da su jeri, kowane saƙo da ranarsa da tsawonsa. Dubbai ne. Ni da na ce ban iya magana ba, ashe an yi min ita da yawa haka.

Matsalar ita ce laftof ɗin na kamfani ne, za a karɓe shi in an gama karatu, filash ɗin da nake da shi kuma ba zai ɗauke su duka ba. Dole a rage. Na lura akwai guntaye birjik, sakan biyu, sakan uku, irin wanda hannu ya zame ko aka kira mutum a taƙaice. Waɗannan su ne tsakuwar. In an fitar da duk wanda bai kai sakan biyar ba, sauran za su shiga.

Malama tana haɗa jakarta ta ce, "Baba, duk abin da ka tace, kafin ka yi wani aiki da shi, ka sa kwamfuta ta nuna maka sabon jerin tukuna. Ka gani da idonka." Na ce to.

Lahadi, da hantsi

Yaya ta iso, yayar Rediyo, da jakunkuna kamar mai ƙaura. Kafin ta cire takalmi ta sauya wa kujeru wuri, ta ce labulen falo ya yi datti, ta ce na rame. Ta karɓe kicin. Na gode mata, don ni ruwan zafi ma sai in ƙona.

Na baje laftof a teburin cin abinci. Rediyo ta fito haɗa shayi, ta leƙa ta kafaɗata, ta ce a hankali, "Me ake yi ne, Mai Wake?"

Na ce, "Tacewa."

Ta ɗaga rariyar shayin, ganye a ciki, ruwa na ɗiga cikin kofi. Ta ce, "To wanne ne naka, na cikin rariya ko na cikin kofi?"

Na ce likita ya ce ta rage magana. Ta yi min kallon nan nata, ta ja bakinta da yatsu biyu kamar mai jan zif, ta koma ɗaki.

Litinin, da yamma

Duk inda na rubuta "tace" a laftof, idona "ta ce" yake karantawa. Ta ce, ta ce, ta ce. Nan da 'yan kwanaki sai dai a ce ta nuna.

Talata, bayan tashi daga aiki

Yau sauyawa na yi, kuma ta yi. Sunayen saƙonnin wasu haruffa ne da lambobi marasa kai da gindi. Na rubuta aiki ɗaya, cewa a mai da sunan kowane saƙo ranar da aka aiko shi, na sake shi a kan jerin. Kafin in ƙifta ido ya gama da dubbai. Na ji daɗi, har na ji kunyar jin daɗin.

Rediyo ta kira ni daga ɗaki. Yanzu kiran ba ya kai falo sosai, sai ta haɗa da buga cokali a jikin kofi. Na ce ina zuwa. Da na je ta yi barci.

Laraba, da safe

Ba ta iya haɗiye burodi ba. Yaya ta jiƙa shi da madara. Na tafi aiki da wuri.

Laraba, da yamma

Yaya ta tare ni a ƙofar kicin, ta rage murya don kar a ji, amma ta wanke ni tas. Ta nuna laftof ta ce, "Malam, matarka kwanakin bakinta ƙidayayyu ne, kai kuma ka dasa kai a wannan faranti. Karatun ba zai jira ba ne?"

Na ce, "Yaya, don ita nake yi."

Ta ce, "Don ita? To ita ɗin tana can ciki."

Ban iya yi mata bayani ba. In na zauna kusa da Rediyo tana magana, ba maganar nake ji ba, yadda take ja da ƙyar nake ji, da tarin da ke biyo baya, da tsumman da take ɓoyewa a ƙarƙashin filo. A laftof muryarta lafiya lau take. Can na fi iya zama.

Alhamis, kafin magariba

Na gama da su.

Juma'a, da asuba

Ban runtsa ba. Bari in rubuta yadda aka yi, ko kaina zai daina maimaita min.

Jiya na rubuta sharaɗin, na sa masa suna gajere: duk saƙon da bai kai sakan biyar ba. Sai na rubuta, masu kyau su ne a tace saƙonni da gajere. A wurin aiki haka muke yi. Inji ba a gaya masa wake mai kyau, ɓatacce ake nuna masa. Ka ce baƙi, ka ce tsakuwa, ka ce mai huji, shi kuma ya hure su gefe, abin da ya wuce shi ne abinci. Hannuna ya saba, ban ko tsaya tunani ba.

Sai na ƙara layi na ƙarshe, wanda ba Malama ta koya mana ba, a intanet na samo shi: a goge duk abin da ba ya cikin masu kyau, don abin da ya rage in kwashe shi zuwa filash gaba ɗaya. Na tuna ta ce in duba tukuna. A daidai lokacin cokali ya fara buga kofi. Yaya ta ɗaga murya daga kicin, "Malam, ba ka ji ba ne?" Na ce ina zuwa. Na ce a raina ai tacewa ba ta taɓa na asali. Na danna.

Da na dawo daga kai mata ruwa, na buɗe wurin ajiyar. Na ga sakan biyu. Sakan uku. Sakan ɗaya. Na gangara har ƙasa, na hau, na sake gangarawa. Ko ɗaya babu mai tsawo. Babu igiyar shanya, babu dariyar tsohuwa, babu waƙa. Kwandon shara na laftof ɗin ma wayam, layin da na samo ba ya bi ta nan.

Na rufe laftof na zauna. Yaya ta kawo abinci na ci, ban san me na ci ba.

Juma'a, da yamma

Na sauko da manhajoji iri-iri masu cewa suna dawo da abin da aka goge. Na zuba su duka a laftof ɗin. Ba wadda ta dawo da komai.

Ban faɗa mata ba.

Asabar, bayan darasi

Na jira kowa ya fita, na nuna wa Malama. Ta karanta layukan, ta sa hannu a baki. Ta ce, "Baba, a nan sharaɗin da ka rubuta shi ne abin da za a riƙe. Wanda ya cika sharaɗi shi ke shiga sabon jeri. Kai ka nuna mata abin da ba ka so, ita kuma ta ɗauka shi kake so. Na faɗa ranar farko."

Na ce ranar na fita amsa waya.

Ta ce tacewar ba ta yi ɓarna ba, layin ƙarshe ne ya yi. Na sani. Ta tambaya sautukan na mene ne. Da na gaya mata, sai ta zauna a kujerar ɗalibai, idonta ya ciko. Ni na koma ina ba ta haƙuri. Ta rubuta min kwatancen wani mai gyara a bayan tashar mota, ta ce in kashe laftof ɗin, kar in ƙara zuba masa komai. Na ce na riga na zuba. Ta girgiza kai.

Litinin, da rana

Shagon mai gyara ɗan ƙuƙut ne, wayoyi a rataye ko'ina, da warin dalma. Na ba shi laftof da wayar. Ya ce wayar kar ma in sa rai, tunda an ci gaba da aiki da ita. Laftof ɗin zai gwada. Ya ce abin da aka goge ba tafiya yake yi nan take ba, yana nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansa. Sai ya ga manhajojin da na zuba. Ya cire tabarau ya ce, "Alhaji, wa ya aike ka?"

Ba wanda ya aike ni. Ni na goge, ni na bi na tattake wurin.

Talata, da safe

A wurin aiki na tsaya ina kallon injin yana hure tsakuwa gefe. Shugaban sashenmu ya yi min magana har sau nawa ban ji ba. Ya ce in tafi gida. Na tafi, amma na zauna a bencin mai shayi na bakin layi har lokacin tashi ya yi.

Laraba, da yamma

Mai gyara ya samo wasu. Ya kunna min. Ƙara ce kawai, shuuu, kamar ruwan sama a kan kwano. A guda ɗaya na ji rabin kalma da muryarta, sai ta yanke. Na sa ya maimaita har ya gaji. Ya miƙo min laftof ya ce in yi haƙuri.

Ban faɗa mata ba.

Alhamis, da hantsi

'Yarmu ta kira. Likitanta ya hana ta doguwar tafiya, cikin ya tsufa. Tana kuka tana cewa in sa mata Mama. Rediyo ta karɓa, ta ce kalma uku ko huɗu, tari ya ƙwace sauran. Da na karɓi wayar 'yarmu ta ce, "Baba, Mama ta ce akwai abin da ta ba ka ajiya na jariri. Mene ne?"

Na ce in lokaci ya yi za ta gani.

Asabar

Ban je darasi ba. Ban buɗe laftof ba. Na zauna a ɗaki kusa da ita, amma yanzu da na zo zama, ba abin da ya rage da za a ji. Yini guda ba ta yi jimla biyar ba. Kwanakin da take da sauran murya na cinye su a teburin falo.

Lahadi, da la'asar

Gobe za a kwantar da ita, jibi aiki. Yaya ta fita sayo abin da asibiti ya rubuta. Rediyo tana jingine da filo, ta nuna min gefen gado na zauna. Ta ce, da abin da ya fi kama da iska fiye da murya, "Ka daina... taɓa farantin. Me ya faru?"

Na faɗa mata. Tun daga wayar da ta cika har mai gyara. Ina magana ina kallon ƙafafuna. Ban taɓa yi mata magana mai tsawon wannan ba tun da muke.

Can ta ce, "Waƙar?"

Na girgiza kai.

Ta miƙo hannu, na ba ta wayar. Ta danna wurin ɗaukar murya, ta gyara zama, ta rufe ido, ta buɗe baki. Na san waƙar, na ga leɓenta yana bin ta daidai. Ba abin da ya fito sai huci da wani kaushi kamar ana jan buhu a siminti. Ta sake gwadawa. A karo na uku tari ya turnuƙe ta, tsumman ya yi ja. Na ƙwace wayar na ce ya isa, don Allah ya isa. Ta juya fuska bango, kafaɗunta suna rawa. Ni ma na yi kuka, kuma ban ɓoye ba.

Da ta lafa ta nuna falo da haɓa. Ta ce, "Ragowar."

Na ɗauko laftof. Tun ranar ban saurari ko ɗaya ba, ganinsu ma ba na son yi. Na sa su bi layi ɗaya bayan ɗaya.

"Kana ina?"

"Mai Wake, ɗauki waya mana."

"Gishiri ya ƙare."

"Ka ci abinci?"

"Hadari ya haɗo, ka fake."

"Kana ina?"

"To, shi ke nan, sai ka dawo."

"Kai dai wallahi."

"Kana ina?"

Ɗaruruwa ne, shekara bayan shekara, da muryar nan garau. Wani dariya ce kawai da ta yanke. Wani sunana ne kawai, na gaskiya, wanda ba ta faɗa sai in ranta ya ɓaci ko ta tsorata. Rediyo ta ɗaga yatsa na tsayar. Ta dube ni, ta nuna laftof ɗin, ta ce, "Waɗannan ne... tsakuwar?"

Na rasa inda zan sa kaina. Ta kama kunnena ta ja, ba da ƙarfi ba. Sannan ta nuna wayarta, ta nuna laftof, ta sake nuna wayarta. Na gane.

Litinin, da safe

Na saurari kowane na rubuta abin da ta ce a ciki. Sai na yi sauyawa, sunan kowane saƙo ya koma maganar da ke cikinsa. Wannan karon na sa kwamfuta ta nuna min kafin in taɓa komai, na duba har idona ya yi zafi. Na zuba su a wayarta. Wayar da ba ta riƙe abu ta ɗauke su duka, har da sauran wuri.

Talata, da hantsi

Sun tura ta a gado. A bakin ƙofar ta ce wani abu, na sunkuya, ban ji ba. Na ce ta maimaita, nas ta ce lokaci ya yi. Wannan ce maganarta ta ƙarshe kuma ban ji ta ba.

Talata, da yamma

An fito da ita. Likita ya ce aiki ya yi kyau, amma akwai sauran magani mai tsawo a gaba, kuma ba zai yi min alkawarin komai ba tukuna. Wuyanta a naɗe, da bututu. Yaya tana ta hamdala. Ni ma na yi, da baki.

Alhamis, da rana

'Yarmu ta haihu, namiji. Na nuna wa Rediyo hoton. Ta daɗe tana kallo, leɓenta yana motsi. Na san abin da take rerawa. 'Yarmu ta turo saƙo tana tambayar ajiyar. Na rubuta "To", na goge, ban tura komai ba. Na gwada waƙar a raina a kan matakala, na tarar rabin kalmomin kawai na riƙe, karin waƙar kuma ba ni da shi. Yaron nan ba zai taɓa jin ta ba, kuma ni na yi masa haka.

Asabar, da la'asar, a asibiti

An cire mata bututu ɗaya. Yaya ta tafi gida wanka. Sun ba Rediyo ɗan allo da alƙalami, ta ture shi, yatsa har yanzu ba ya saurin baki. Da safe nas ta zo da allura, sai muka ji daga ƙarƙashin bargo, garau, "Kai dai wallahi." Nas ta yi tsalle, matar gadon kusa ta yi dariya har ɗinkinta ya yi mata ciwo. Da aka kawo abincin majinyata Rediyo ta ɗanɗana a harshe, ta laluba wayar, "Gishiri ya ƙare."

Ni ban yi dariya sosai ba. Duk abin da za ta iya faɗa har ƙarshen rayuwarta da wannan murya, ga shi nan, bai wuce abin da na ware don shara ba. Ba labari, ba kwaikwayo, ba waƙa. Ina zaune a kujerar roba kusa da gadon, gwiwata tana taɓa ƙarfensa, na sunkuyar da kai ina wannan rubutu, don ya fi min sauƙi a kan kallon wuyanta. Malama ta aiko a gaya min ranar Litinin za a karɓi laftof, kuma in ina so za ta

"Kana ina?"

Rediyo ce ta danna wayar. Tsakanina da ita bai kai kamu biyu ba. Ban ɗago ba, na ce bari in ƙarasa layin.

"Kana ina?"

Ta sake. Bakina ya buɗe da kansa zai ce ina zuwa, na kama shi. Na ɗago. Idonta a kaina, babban yatsanta a kan wayar, tana shirin danna na uku.

Na ce, "Ga ni."

Ta miƙo hannu tana nuna biron. Bari in ba ta.